Damagaram, Birnin da Ke Zaune Bisa Dutse

Wanda ya taso daga Maraɗi da safe ya nufi gabas bisa babbar hanya, ba abin da zai cika masa ido sai rairayi da gonakin hatsi da itatuwan gawo. Haka zai ratsa Tasawa, haka zai wuce Takeita, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. Sai ya bar Tirmini a baya sa'an nan fuskar ƙasa take sauyawa. Can zai fara hango manyan duwatsu mulmulallu, wani bisa wani, kai ka ce buhuna ne aka jibge a bakin tasha aka manta da su. Daga nan ba sai an gaya masa ba, ya san ya iso Damagaram.

Abu na biyu da baƙo zai lura da shi, in ya zo cikin watannin zafi, shi ne bidunan roba masu ruwan ɗorawa. Suna bisa amalanken jakai, suna bisa kurar ƴan ga-ruwa, suna jere a bakin famfon unguwa tun kafin asuba. Mutanen gari sun saba da duwatsun har ba su ganinsu, sun saba da bidunan har sun zama kayan ɗaki. Amma masana ilimin ƙasa da suka shafe fiye da shekara ɗari suna fasa waɗannan duwatsu suna dubawa sun nuna cewa abubuwan nan biyu uwarsu ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza: ƙishirwar Damagaram daga ƙarƙashin ƙafarta take.

Birnin fatake da na gwamna

A unguwar Birni gidajen ƙasa sun rungumi duwatsu, wani gidan ma dutse ne bangonsa na huɗu. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya mai da Damagaram babbar mahaɗar ayarin da ke tafiya tsakanin Tarabulus da Kano da Barno. Fataken arewa kuwa suna sauka a Zango. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso garin a ƙarshen 1852, ya yi fiye da wata guda yana jiran kaya da guzuri. A wancan zamani rijiyoyin kwari da tafkunan damina suna isar mutanen gari da raƙuman baƙi, domin mutanen ba su da yawa.

Faransawa sun kame garin a 1899, suka mai da shi babban birnin yankin mulkin soja a 1911. A 1926, zamanin gwamna Brévié, aka kwashe hedkwata aka kai Yamai. Dalilan suna da dama: nisan Damagaram daga Dahomey, da kusancinta da Kano ta Ingilishi, da siyasar masu mulkin. Amma ƙarancin ruwan sha yana cikinsu, kuma Yamai tana bakin kogin Kwara. Wato dutse yana da hannu a cikin abin da ya raba Damagaram da kujerar mulki, shekara 34 kafin ƙasar ta samu ƴancin kanta.

Tun farkon zuwan Turawa duwatsun nan suka ja hankalin masana. A 1905 Alfred Lacroix, babban masanin ma'adinai na birnin Paris, ya yi rubutu bisa samfuran da aka kai masa daga yankin Zinder. René Chudeau ya ratso Abzin ya biyo ta nan cikin shekarun 1905 da 1906. Ayarin Tilho mai shata iyaka tsakanin ƙasar Faransawa da ta Ingilishi, daga 1906 zuwa 1909, ya zo da nasa masanin duwatsu mai suna Garde. Bayan ƴancin kai, cikin shekarun 1960, Greigert da Pougnet na hukumar BRGM suka fitar da taswirar duwatsun Nijar baki ɗaya, Russell Black kuma ya bi tsaunukan Gure da kewaye yana zana tsarinsu.

Dangi daga Abzin har Jos

Ga abin da binciken ya nuna. Mafi yawan ƙasar Nijar manyan kwaruruwa biyu ne da suka cika da yashi da laka cikin miliyoyin shekaru: kwarin Iwillimidan a yamma, inda Tawa da Doso da Maraɗi suke, da kwarin Cadi a gabas. A tsakaninsu akwai wani tudu inda tsohon ƙashin bayan ƙasa ya ɓullo fili, tun daga Damagaram har Muniyo. Dutsen wannan tudu, wanda ake kira giranit, narkakken dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa a hankali. Wanda ya fasa ɗan guntu ya duba zai ga ƙwayoyi iri-iri sun cuɗe: masu ƙyalli kamar gilashi, da farare ko jajaye-jajaye, da baƙaƙe. Tsohon giranit na wannan yanki ya kai shekara miliyan 600.

Daga baya wani sabon narkakken dutse ya sake huda tsohon, ya yi aman wuta a sama, ya daskare a ƙasa cikin siffar zobe. Iska da ruwa sun cinye tsaunukan wutar, saura saiwoyinsu, su ne wasu daga cikin duwatsun Zinder da na Gure. Ana gane su da yawan sinadarin sodiyom da wani ma'adini baƙi mai shuɗi-shuɗi da ake kira ribekit.

Yaya aka san shekarunsu? A cikin dutse akwai sinadarin rubidiyom wanda yake rikiɗewa ya koma sitironsiyom a hankali, da saurin da aka sani kuma ba ya canzawa. In an auna yawan wannan da na wancan sai a lissafa tsawon lokacin da dutsen ya yi da daskarewa. Da aka yi wannan awo cikin shekarun 1970 sai wani abin mamaki ya bayyana. Irin waɗannan zobba sun jeru daga arewa zuwa kudu, tsawon fiye da kilomita dubu. Na Abzin su ne yayye, shekara miliyan 480 zuwa 400. Na Damagaram da Muniyo suna tsakiya, kimanin miliyan 330 zuwa 260. Na Nijeriya, wajen Bauchi da Jos, su ne ƙanne, miliyan 213 zuwa 141. Wutar ta faro daga arewa tana gangarawa kudu.

Wannan zumunta ta duwatsu ta shafi kasuwa. Irin wannan giranit shi ke ɗauke da kuza. Daga gare shi aka samu kuzar Elmeki a Abzin, da ta Jos, da ta Riruwai a ƙasar Kano, inda maƙera suke narka ta suna sayar wa fatake tun kafin zuwan Turawa. Abzin da Jos sun samu kuza mai yawa a gadon. Damagaram kuwa abin da ta fi gada shi ne taurin dutsen.

Me ya sa dutse ba ya riƙe ruwa

Mai karatu ya ɗauki ƙwarya biyu, ya cika ɗaya da rairayi, ya sa dutsen niƙa a ɗayar, ya zuba ruwa. Rairayin zai shanye ruwa mai yawa ya ɓoye shi tsakanin ƙwayoyinsa. Dutsen niƙa kuwa bayansa kawai zai jiƙe. Abin da ake kira ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ne mai gudu cikin rami ba, ruwa ne da ke zaune cikin ƴan kafofin yashi da tsakuwa. Ƙwayoyin giranit sun manne da juna tun suna narke, ba su bar kafa ba.

Wuri biyu kaɗai ruwa ke samun mafaka a irin wannan ƙasa. Na farko shi ne ruɓaɓɓen saman dutsen, inda zafi da ruwan sama suka mai da shi burji da laka. Na biyu shi ne tsagogin da motsin ƙasa ya yi masa. A ƙasashe masu yawan ruwan sama ruɓaɓɓen saman yakan yi kauri ƙwarai. A Damagaram, inda ruwan shekara yake wajen milimita 400, sau da yawa siriri ne, a wani wurin ma babu shi sam, fa ce tsirara.

Saboda haka neman ruwa a nan neman tsaga ne. Masana sukan fara da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama ko tauraron ɗan Adam, suna neman miƙaƙƙun layuka: kwari da ya tafi ɗoɗar, ko jerin itatuwa masu kore cikin rani. Sa'an nan su sauka da na'ura, su kafa ƙarafa huɗu a ƙasa, su tura lantarki ta biyu su auna ta biyu. Busasshen giranit yana tare lantarki, tsaga mai ruwa da laka tana barinsa ya wuce. Wannan dabara, da Bafaranshe Conrad Schlumberger ya fara gwadawa a 1912, tana rage asara amma ba ta kawar da ita. Ana iya haƙa rijiyar burtsatse, wadda aka fi sani da foraj, a samu ƙura kawai, a matsa gaba kaɗan a samu ruwa. Wadda ta yi nasara ma, sau da yawa abin da take bayarwa bai wuce mita kubik ɗaya ko biyu a awa ba. Ya isa famfon hannu na ƙauye, bai isa unguwa ba.

Lissafin a fili yake. Ƙidayar 1988 ta samu mutum kimanin dubu 120 a birnin, ta 2012 ta samu fiye da dubu 235. In an ba kowane ɗaya daga cikin dubu 235 ɗin nan lita 20 a rana, wato mafi ƙarancin abin da ake ɗauka ya isa sha da girki da ɗan wanki, ana bukatar mita kubik 4.700 kullum. Rijiyar da ke ba da mita kubik ɗaya a awa, in ta yi aikin awa goma, mita kubik goma ke nan. Sai an samu irinta 470, ban da dabbobi da asibiti da kasuwa da masu gini, ban da waɗanda aka haifa ko suka ƙaura zuwa birnin tun daga 2012.

Abin takaici shi ne ruwan sama yana zuwa, riƙe shi ne ba a iyawa. In hadari ya sauka bisa fa, ruwan ba ya nutsewa, sai ya kwararo cikin lunguna ya taru a tafkunan gari, waɗanda da yawansu tsofaffin ramukan ɗibar ƙasar gini ne. A can rana take shanye shi, domin a wannan yanki abin da zafi da iska ke iya ɗaukewa daga fuskar tafki ya haura mita 2 a shekara. A daminar 2024, ranar 3 ga Satumba, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya rushe tsohon masallacin Birni da aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19. Birnin da ambaliya ta ci a watan Satumba shi ne yake layin bido a watan Afrilu. Ƴan rijiyoyin cikin gari kuwa, da yake ruwansu yana kusa da sama, kusa da masai da juji, suna cikin haɗarin gurɓata da ƙwayoyin cuta da sinadarin nitarat, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita.

Kudu da arewa

Tun da gida babu, sai aka fita nema. Wanda ya bi hanyar kudu zai ga duwatsu suna nutsewa cikin rairayi. A Gogo da Mashaya akwai kwari da yashi ya cika bisa giranit, kamar kasko da aka cika da rairayi. Nan ne mafi daɗewar wuraren da ake turo wa birnin ruwa. Ruwan wurin sabo ne, na daminar bana da ta bara. Wannan shi ne alherinsa, shi ne kuma rauninsa: kaskon ƙarami ne, in damina ta gaza kamar yadda ta yi a 1973 da 1984, ko aka ja fiye da abin da ya shiga, sai ruwan ya yi ƙasa. Shi ya sa aka yi madatsai don tsai da ruwan kwari ya samu lokacin nutsewa.

Gaba kaɗan, wajen Mirya da Matamai da Magarya, ƙasar Korama ce. Nan rairayi yana da kauri, ruwa yana kusa, a wasu fadamu mutum yakan same shi da tsawon gaba ɗaya ko biyu. Daga nan rake da rogo da kayan lambu suke cika kasuwannin Damagaram. Tafiyar awa guda a mota ta raba mai sayen ruwa da bido da mai ban ruwan rake, kuma ba yawan ruwan sama ne kaɗai ya raba su ba, abin da ke ƙarƙashinsu ne.

Ta arewa kuma, bisa hanyar Tanut, giranit yana nutsewa ƙarƙashin wani dutse dabam, dutsen yashi. Koguna ne suka zuba wannan yashi kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, zamanin manyan dabbobin nan da ake tono ƙasusuwansu a Gadafawa. Dutsen yashi yana da kafofi, yana riƙe ruwa. A cikinsa aka haƙa rijiyoyin Arunguza, daga baya na Ganaram, ana turo ruwan cikin bututu tafiyar kilomita gommai. A wannan yanki ne kuma aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a 2011, mai tace ganga dubu 20 a rana, ita ma da tata bukatar ruwa.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya riƙa yi game da ruwa mai zurfi: shekararsa nawa? Ruwa ma ana auna shekarunsa. Ruwan sama yana shiga ƙasa da ɗan sinadarin karbon 14, wanda rabinsa yake ɓacewa duk shekara 5.730. Awon da aka yi a irin wannan dutsen yashi a filin Irhazar, yamma da Agadas, ya nuna ruwan da ya shekara dubbai, wani ya haura dubu goma. Ya shiga ƙasa ne a zamunan da Sahara take da ni'ima. Na ƙarshe a cikinsu shi ne wanda tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan dubu 350, shekara dubu 7 da suka wuce. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan magana. Ruwan Gogo riba ce mai shigowa duk shekara, ko da kaɗan ce. Tsohon ruwa mai zurfi kuwa uwar kuɗi ce. Ana iya cin ta, amma da lissafi, kuma lissafin ba ya yiwuwa sai da rijiyoyin awo da ake duba zurfin ruwansu wata-wata ana rubutawa.

Abin da ido ba ya gani

Samun ruwa rabin aiki ne. Ruwan da ya daɗe cikin dutse yana narkar da abin da ke cikin dutsen. Mutanen Maraɗi ba su manta da Tibirin Gobir ba. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi a garin, ruwa garau, ba wari ba ɗanɗano. Sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin a tabbatar cewa sinadarin fuliyor da ke cikinsa ya ninka iyakar miligiram 1,5 a lita har sau uku ko fiye. Kafin nan dubban yara sun samu jajayen haƙora, da yawa ƙafafunsu sun lanƙwashe. Ruwan Tibiri daga dutsen yashi ya fito, amma giranit mai yawan sodiyom irin na Damagaram da Muniyo shi ma sananne ne a duniya wajen sakin fuliyor. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Awon kwalba guda a ɗakin bincike bai kai kuɗin buhunan siminti kaɗan ba.

Wanda ya ci gaba zuwa gabas, ya wuce tafkin Gidimuni da dabinansa ya kai Gure, zai ga wata fuskar wannan ilimi. Tsakanin tuddan rairayin Muniyo da Manga akwai kwaruruwa masu zurfi inda ruwan ƙasa yake taɓo sama. Ruwan sama yana nutsewa cikin tuddan, yana kwasar sodiyom a hanya, yana ɓullowa a gindin kwari. Rana ta shanye ruwan ta bar gishirin. Kanwa ke nan, fara da ja, da gishirin mangul da ake dafawa. Shekaru aru-aru jakai da raƙuma suna kai su Kano, yau manyan motoci ne. Abin da ya ɓata ruwan sha a wani kwari shi ya zama dukiya a wani.

Abin da ya rage ga masu gari

Ilimin duwatsu bai yi wa Damagaram alkawarin kogi ba. Abin da ya ba ta shi ne sanin inda ruwa yake, da yawansa, da shekarunsa, da abin da ke narke cikinsa. Amfani da wannan sani yana hannun mutane iri biyu. Alhajin da ya yi niyyar haƙa rijiya a unguwarsu ko ƙauyensu, sadaka ko sana'a, ya fara biyan mai awon lantarki kafin ya kira mai injin haƙa, kuma kada a buɗe famfo sai an kai ruwan ɗakin bincike. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kwangila ya nemi a ba shi bayanin kowace rijiya: zurfinta, irin duwatsun da aka ratsa, abin da take bayarwa a awa. Har wadda ba ta ba da ruwa ba a rubuta ta, domin busasshiyar rijiya da aka san wurinta tana hana a sake zuba miliyoyi a rami ɗaya. Mai rabon filaye kuma ya bar wa ruwa hanyarsa, kada a yanka fuloti a cikin kwari ko a bakin wuraren da ruwa ke nutsewa.

A da, samfurin dutsen Zinder sai an kai shi Paris kafin a san sunansa. Yanzu Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna yaye ƴan ƙasa masu wannan ilimi, waɗanda suka san zafin watan Afrilu a jikinsu. Abin da suke bukata shi ne kayan awo, da kuɗin fita daji, da shugabannin da za su tambaye su kafin a haƙa, ba bayan an haƙa ba. Tun ran gini, tun ran zane.